Rabin Dutsen Ishaku

Masu karatu, ni ba mutum ne mai rantsuwa ba. A makarantar mishan inda aka rene mu, wanda ya rantse a kan ƙaramin abu bulala yake sha a gaban 'yan aji, saboda haka zan rantse sau ɗaya tak, ba zan maimaita ba. Allah ne shaidata, abin da zan rubuta a nan da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma littafin aikina na wancan lokaci yana nan cikin akwati ga duk mai son ya zo ya duba.

A shekarun farko da Jalingo ta zama hedkwatar jiha, ina aiki a ofishin gwamnati mai binciken ƙasa da ma'adinai. Aikinmu shi ne mu hau duwatsu, mu bi rafuka, mu auna, mu zana taswira, mu rubuta irin dutsen da ke kowane wuri da amfanin da gwamnati za ta iya samu daga gare shi. Mutanen ƙauye ba su bambanta mu da masu auna filaye ba, kowa Safiyo yake kirana, har na gaji da gyara musu na riƙa amsawa. Ya kamata in faɗi halina tun da wuri, domin shi ne tushen maganar. Tsorona ake ji a ofis. Na taɓa sa mai zane ya sake taswira ɗungurungum saboda layi ɗaya ya karkata, kuma ban taɓa barin samfurin dutse ya kwana ba lamba a jikinsa ba. A lokacin ina ɗaukar wannan hali abin alfahari.

Ga yadda muke aiki, don wanda bai sani ba. Dutse ba a saninsa ta waje, domin rana da ruwan sama sun riga sun sauya masa fuska. Dole a sa guduma a raba shi biyu a dubi cikinsa. Rabi ɗaya a aika ɗakin gwaji a niƙa shi ya zama gari a bincika, rabi ɗaya kuma a shafa masa farin fenti, a rubuta lamba, a auna nauyinsa, a ajiye a sito. Haka aka koya mana, haka na yi wa duwatsu da ba su ƙirguwa.

Wata shekara da kaka, aka tura ni wani tsauni da ke can bayan Kona. Ba zan faɗi sunansa ba. Direbana Malam Buba, dattijon Bafulatani mai raha wanda shi kaɗai yake iya yi mini ba'a a duk ofishin, ya tsaya da mota a gindin tsaunin yana cewa gwiwarsa ta gwamnati ce, ba zai kashe ta a hawan dutse ba. Na hau ni kaɗai. A tsakiyar hawan akwai ɗan ƙauye na gidaje kamar ashirin, amma ban sami kowa ba sai awaki da wata tsohuwa kurma, duk jama'a sun tafi girbi. Ban jira kowa ba, ban nemi izinin kowa ba, don ina riƙe da takardar gwamnati a aljihu, kuma a ganina ita ta isa.

A ƙolin tsaunin na sami tulin duwatsu, tsayinsa ya kai ƙuguna, an jera shi da kyau. Tsohuwar taswirar da Turawa suka bari tana nuna alamar tulin safiyo a daidai wurin, wato irin tarin duwatsun da masu awo suke yi don su gane inda suka kafa na'ura. Saboda haka ban yi wani tunani ba, na ɗauka kayan aikinmu ne, namu na gwamnati. Ina cikin awo sai idona ya faɗa kan wani dutse a gefen tulin, girman dunƙulen hannu biyu, sumul kamar na rafi, da wani koren zare da ya ratsa shi. Koren zare a dutse yakan nuna tagulla. Na zare shi daga tulin, na ɗora shi a kan falalen dutse, na ɗaga guduma na buga sau ɗaya, ya rabe gida biyu daidai. Na dubi agogo kamar yadda na saba, na rubuta a littafi: Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe.

Washegari na aika rabi ɗakin gwaji. Ɗaya rabin na sa masa lamba, na auna shi da hannuna, giram ɗari shida da arba'in, na ajiye. A cikin makon na rubuta rahotona, na ce maganar tagulla sai sakamako ya dawo, amma shi tsaunin kansa dutse ne mai ƙarfi da tsafta, ya dace ƙwarai da tsakuwar shimfiɗa hanya. Na sa hannu, rahoto ya wuce sama.

Bayan mako uku, ina zaune a ofis da hantsi, Malam Buba ya shigo ba tare da raharsa ba, ya ce ina da baƙi. Wani tsoho ne siriri mai sanda, da wata mata mai kimanin shekara talatin da goyo a baya, ƙafafunsu duk jar ƙasa. A kasuwa suka yi ta tambaya har aka nuna musu direban motar da ta tsaya a gindin tsauninsu. Tsohon bai zauna ba. Hausarsa irin ta mutanen kan dutse ce, ga abin da ya ce kamar yadda nake tunawa:

"Safiyo, kai ya hau dutse namu. Kai ya ɗauki dutse na Ishaku. Ka ba mu ta koma wurinta."

Na ce ban san wani Ishaku ba, kuma tulin da na taɓa na gwamnati ne, ga shi ma a taswira. Tsohon bai ko dubi taswirar ba. Malam Buba ne ya zauna ya warware mini zancen, yana tambayarsu yana mayar mini. A ƙauyen nan, in an haifi jariri, ubansa yakan sauka rafi ya zaɓo dutse, ya hau da shi a kafaɗa ya ɗora a kan tulin, dutsen nan kuwa yana wurin muddin mai shi yana da rai. Ranar da ya mutu, wannan tsoho, wanda aikinsa ke nan tun daga kakanninsa, shi zai zare dutsen ya mayar da shi rafi. Ya san kowane dutse da mai shi. Turawan da suka zana tsohuwar taswira sun tarar da tulin ne a wurin, suka kafa na'urarsu a gefensa. Mai koren zare na Ishaku ne, mijin wannan mata, manomi mai 'ya'ya huɗu. Ranar wata Talata, kafin rana ta take tsaka, yana ɗaure damin dawa a gona sai ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, kuma tun daga ranar ba ya cin abinci.

Masu karatu, a nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na buɗe littafina na ga Talata ce, na ga ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, na rufe littafin, na ce musu wannan ciwo likitoci sun san shi, hawan jini ke kawo shi, su kai mutum asibiti su bar zancen dutse. Na ƙara da cewa samfurin da aka sa wa lamba ba ya fita daga sito sai da takardar izini. Matar ta durƙusa a kan sumunti, ta ce, "Baba, mun kai shi asibiti, sun sallame mu. Dutse kawai. Ba mu ce kai ya yi laifi ba." Na ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Suka tafi.

Da suka fita Malam Buba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Ya ce, "Oga, ni Musulmi ne, kai Kirista ne, ba ruwanmu da tulin duwatsu, na yarda. Amma mata ta taka ƙasa tun asuba da goyo tana roƙonka dutse. Dutse fa, Oga. Sitonka cike yake da su, ko ɓera ba ya shiga don ba abin ci." Na ce ya je ya duba mai a mota.

Kowace Litinin nakan bi sito in duba samfura, in sake auna sababbi don in tabbatar ba a musanya ba. Litinin da ta biyo baya na ɗora rabin dutsen nan a sikeli, ya nuna ɗari shida da goma. Na yi wa mai kula da sito faɗa, na ce shi ne ya yar da dutsen har ya ɓantare. Muka duba, babu inda ya ɓantare, fentin yana nan, lambar da na rubuta tana nan, ko ƙwayar yashi babu a cikin jakar. Na zargi sikelin, na ɗauko ƙarafan gwaji na auna, sikeli lafiya lau. Na auna wasu duwatsu goma, kowanne ya ba ni nauyinsa na littafi. Sai na ɗauke rabin dutsen nan daga sito na kulle a durowar teburina, mabuɗin yana wuyana.

Litinin ta gaba, ɗari biyar da saba'in. Ta gaba da ita, ɗari biyar da ashirin. Na sa ma'auni na auna tsawonsa da faɗinsa, bai ragu da ko kaurin gashi ba. Kai, jama'a! Ni na karanta ilimin duwatsu, na san dutse mai ɗan danshi yakan bushe ya rage kaɗan a kwanakin farko, amma irin wannan dutse ba ya shan ruwa, kuma babu littafin da ya ce zai riƙa ramewa mako bayan mako yana nan da girmansa. Na daina jiran Litinin, na koma auna shi kullum da safe kafin ma'aikata su zo, ina rubutawa a bayan littafi da fensir, abin da ban taɓa yi ba, domin ni da tawada nake rubuta awo. Kullum sai ya sauka. Ranar da ya faɗo ƙasa da ɗari huɗu na ɗauke shi a tafin hannuna, ya yi mini sakayau kamar busasshen ƙoƙo, na tuna maganar matar nan cewa mijinta ba ya cin abinci.

A ranar kuma sakamakon ɗakin gwaji ya iso, da ɗan ƙunshin garin da ya rage, don na rubuta musu su dawo mini da shi. Na karanta, na ninke takardar, na sa rabin dutsen da ƙunshin a jaka, na kira Malam Buba na ce ya fito da mota. Bai tambaye ni ina za mu ba. Da muka isa gindin tsaunin ya kulle mota ya biyo ni da gwiwar tasa ta gwamnati har muka kai ƙauyen. Ban nemi takardar izini ba. A shekara talatin da biyar na aikina, shi ne samfuri ɗaya da ya fita daga sito ba bisa ƙa'ida ba.

Mun sami Ishaku kwance a tabarma a inuwar rumbu. An ce mini dā ƙato ne, shi ke ɗaukar dami biyu a kai. Abin da na gani ƙashi ne da fata, idanu sun faɗa, baki ya karkace, hannun dama yana yashe a gefe kamar ba nasa ba. Na miƙa wa tsohon rabin dutsen da ƙunshin garin. Ya juya dutsen, ya dubi fentin da lambar, ya kankare su da wuƙa a hankali. Ya buɗe ƙunshin, ya taɓa garin da yatsa.

"Ina ɗaya rabi?"

Na ce shi ke nan a takarda, an niƙa shi.

Matar Ishaku ta juya baya ta shiga ɗaki. Daga bisani tsohon ya ce, "To. Rabi ya dawo, rabi ba za ta dawo ba. Mu hau."

Muka hau ƙoli da rana tsaka. Ya mayar da rabin a ramin da na zare shi, ya zuba garin a kansa. Ba waƙa, ba yanka, ba wani surkulle da zan ce na gani. Sai ya juyo ya ce mini wanda ya sa hannu a tulin ya shiga cikinsa, dole in sauka rafi in zaɓo nawa in kawo. Na ce ni mai bin Almasihu ne, ba zan yi ba. Ya ce, "Ishaku ma yana zuwa coci. Ba tsafi ba ne, Safiyo. Don ka san nauyinta ne." Na dubi Malam Buba ko zai cece ni, ya kawar da kai. Na sauka rafi, na ɗauki wani dutse mai ruwan toka irin wanda ya cika wurin, ban zaɓa ba don haushi, na hau da shi ina haki, na ɗora. Fenti da alƙalami suna cikin jakata, amma kunya ta hana ni sa masa lamba.

Kafin mu sauko aka ce Ishaku ya nemi kunu. Ya sha ludayi uku. Ban ce dutse ne ya sa ba, na faɗi abin da ya faru ne kawai.

Ishaku ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Jikinsa ya murmure, amma ɓarin dama bai sake motsi ba, bai sake riƙe fartanya ba, matarsa ce ta noma gonar har 'ya'yan suka tasa. Kowace kaka nakan hau in gaishe shi. A zuwana na biyu, da bakinsa ya ɗan saki, ya jawo hannuna da na hagunsa ya ce, "Safiyo, da ka fasa, me ka gani a ciki?" Na yi niyyar in yi masa ƙarya, in ce an sami wani abu mai daraja, amma ban iya ba. Na gaya masa abin da takardar gwaji ta ce, cewa koren zaren ba tagulla ba ne, babu kome a ciki da zai amfani kowa. Ya yi dariya da rabin bakinsa har ya yi tari, ya ce, "Da ka tambaye ni, ai da na gaya maka." Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Ranar da ya rasu ina wurin, na ga tsohon ya sauko da rabin dutsen ya jefa a rafi.

Saura maganar rahotona. Na rubuta wasiƙa sama ina roƙon a ƙara bayani cewa akwai wurin da mutane ke girmamawa a ƙolin tsaunin. Aka amsa mini cewa taswira ba ta da alamar irin wannan abu, kuma aka tambaye ni ko akwai kuskure a abin da na rubuta game da ƙarfin dutsen. Babu kuskure. Dutsen yana da ƙarfi, ya dace da tsakuwa, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Sabuwar taswira ta fito da alamar tulin safiyo a wurin, kamar ta Turawa.

Yanzu na tsufa, ina zaune a gidana a Sintali. Malam Buba ya rasu, tsohon mai kula da tulin ya rasu, bai bar magaji ba, mutanen ƙauyen kuma sun sauko gari ɗaya bayan ɗaya, an daina kai wa jarirai dutse. Bara wani jami'i daga tsohon ofishinmu ya kawo mini gaisuwa da kwafin rahotona a hannu, ya ce har yanzu ba a sami wanda ya kai ni tsafta a aiki ba, kuma da wannan rahoto aka ba wani kamfani izinin fasa tsaunin. Yabona ya zo yi, na yi masa godiya.

Na sa aka kai ni wurin. Sun riga sun cinye gefen gabas, injuna suna niƙa, manyan motoci suna lodi. Na roƙi shugaban ma'aikatan, ya saurare ni da ladabi, ya ce tulin ba ya cikin takardunsa. Na lallaba da sanda na hau ƙoli, na yi awa biyu a hawan da dā nake yi a rabin awa. Tulin yana nan, ya ɗan zube ta gefe. Na tsaya a gabansa da niyyar in ɗauke nawa in kawo gida, sai na ga duwatsu masu ruwan toka sun fi hamsin, duk iri ɗaya, kuma wanda ya san kowanne da mai shi yana kabari. Ni da ban taɓa barin dutse ba lamba ba, nawa ne kaɗai na bari. In na zari wani, ban san na wa na zara ba, kuma masu su da yawa suna nan da ransu a cikin garin nan, wasu na sayar da doya a kasuwa, ɗaya malamar asibiti ce, biyu 'ya'yan Ishaku ne. Na mayar da hannuna aljihu na sauko.

Da ƙarfe biyu na rana suke tayar da nakiya. In iska ta juyo, ina jin ƙarar daga barandata, ruwan da ke cikin kofi yana rawa. Nakan dubi agogo in rubuta lokacin, sabo ne. Tun watan jiya yatsuna biyu na hagu ba sa jin taɓi. Likita ya ce tsufa ne, kuma ba ni da hujjar da zan musa masa.

Ku matasan da ke wannan aiki yanzu, da na'urorinku masu magana da tauraron ɗan'adam, ban ce ku gaskata abin da ni kaina ban gane ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kun tarar da abin da hannun mutum ya jera a daji, ko taswira ta ce naku ne, ku ajiye guduma, ku zauna ku jira masu wurin su dawo daga gona, ku tambaya. Ni jiran awa uku kacal ya gagare ni. Da injunan suka tsaya jiya, wanda na aika ya auna mini ya ce saura taku arba'in tsakaninsu da tulin.